Gwajin Magani a Kan Ɗan Adam: Ma'anarsa, Matakansa da Sharuɗɗansa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan karin magana ya dace da sha'anin magani ƙwarai, domin kuskure a nan rai yake ci. Sau da yawa akan ji mutum ya ce ya sha magani kaza ya warke, saboda haka maganin mujarrabi ne. Masana kiwon lafiya ba su ɗaukar irin wannan shaida a matsayin hujja, saboda dalilai uku. Na farko, cututtuka da dama, kamar mura, kan tafi da kansu ko an sha magani ko ba a sha ba. Na biyu, kyautata zaton majinyaci ga abin da ya sha kan sa ya ji sauƙi. Na uku, waɗanda suka sha maganin bai amfane su ba, ba a cika jin labarinsu ba. A wannan babi za a yi bayanin hanyar da masana suka shimfiɗa domin tantance magani, sannan a nuna cewa hanyar ta dogara ne a kan abubuwa biyu, wato kwatanci na adalci da kuma yardar wanda za a yi gwajin a kansa.

2.0 Ma'anar Gwajin Magani

Gwajin magani shi ne tsararren bincike da ake gudanarwa a kan mutane domin amsa tambayoyi biyu: shin wannan magani yana aikin da ake fata? Kuma shin illarsa ba ta rinjayi amfaninsa ba? Kalmar magani a nan ta ƙunshi ƙwaya da allura da rigakafi da aikin tiyata da na'urorin asibiti. Kafin a soma, sai an rubuta tsarin aikin baki ɗaya: su wa za su shiga, mene ne za a ba su, har tsawon wane lokaci, kuma da wace alama za a auna nasara. Hikimar rubuta wannan tun da fari ita ce kada mai bincike ya sauya ma'auni bayan ya hango inda sakamako ya nufa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1747, wani likitan sojan ruwa na Birtaniya mai suna James Lind ya ware matuƙa jirgi 12 masu fama da wata cuta da ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini. Ya kasa su gida shida, mutum biyu-biyu, ya ba kowane kashi abin da ake zaton magani ne a lokacin, har da ruwan teku. Biyun da suka samu lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka fi saurin murmurewa. A yau an san cewa rashin sinadarin bitamin C ke kawo cutar. Darasin aikin Lind shi ne haɗa majinyata masu hali iri ɗaya, a wuri ɗaya, a ba su magunguna daban-daban, sannan a kwatanta.

Gwaji irin na zamani ya kafu ne a 1948, lokacin da aka wallafa sakamakon gwajin maganin sitireftomaisin a kan masu tarin fuka a Birtaniya. Masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ne ya tsara yadda za a raba majinyatan ta hanyar ƙuri'a. A cikin wata shida, mutum 4 suka rasu daga cikin 55 da aka yi wa allurar, yayin da 14 suka rasu daga cikin 52 da aka bari a kan jinyar da aka saba, wato kwanciyar hutu.

Dokokin da ke tilasta gwaji kuwa wata masifa ce ta haife su. A 1957 aka fara sayar da maganin talidomaid a Jamus ta Yamma, mata masu juna biyu suka riƙa shan sa saboda laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 a ƙasashe daban-daban da nakasa, musamman ta hannuwa da ƙafafuwa. Wata jami'ar hukumar magunguna ta Amurka, Frances Kelsey, ta ƙi ba da izinin sayar da shi a ƙasarta saboda ƙarancin hujja. A 1962 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar da amfanin magani ta hanyar ingantaccen gwaji kafin ya shiga kasuwa.

4.0 Ginshiƙan Ingantaccen Gwaji

4.1 Rukunin kwatanci. Akan kasa mahalarta gida biyu ko fiye. Rukuni ɗaya ya karɓi sabon magani, ɗayan kuma ya karɓi mafi ingancin maganin da ake da shi. Idan cutar ba ta da sanannen magani, akan ba rukuni na biyu ƙwayar wofi, wadda ta yi kama da maganin amma babu sinadari mai aiki a cikinta.

4.2 Rabo ta ƙuri'a. Ba likita ke zaɓen rukunin da majinyaci zai faɗa ba, kwamfuta ce ke fitar da rabon. Da za a bar wa likita zaɓi, yana iya tura masu sauran ƙarfi wajen sabon magani, ko da bai yi nufin haka ba, sai maganin ya samu yabon da bai cancanta ba.

4.3 Sakayawa. Inda ya yiwu, akan ɓoye wa majinyaci da likitan da ke duba shi ko wane magani aka bayar, har sai an kammala. Wannan kan toshe ƙofar son zuciya wajen bayyana sauƙi ko auna shi.

4.4 Yawan mahalarta. Wani bambancin ba ya fitowa sai a cikin dubban mutane. Misali, a 2010 aka wallafa sakamakon gwajin da ya kwatanta allurar atesunet da ta kwinin a kan yara 5,425 masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Nijeriya, inda aka yi aikin a Ilorin. Kashi 8.5 cikin ɗari na rukunin atesunet suka rasu, a rukunin kwinin kuwa kashi 10.9. Likita ɗaya a asibitinsa ba zai iya hango wannan tazara ba, amma idan aka auna ta da yawan yaran da cutar ke kwantarwa a nahiyar, rayuka ne masu ɗimbin yawa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atesunet a kan kwinin wajen jinyar irin waɗannan yara.

5.0 Matakan Gwaji

Kafin magani ya kai ga ɗan Adam, sai an jarraba shi a ɗakin bincike da kuma a jikin dabbobi. Daga nan sai ya bi matakai huɗu. A mataki na ɗaya akan ba mutane kaɗan, kamar 20 zuwa 100, galibi masu ƙoshin lafiya, domin a gano awon da jiki zai iya ɗauka. A mataki na biyu akan gwada shi a kan masu cutar, waɗanda yawansu kan kai wasu ɗaruruwa, domin a ga alamun amfani. A mataki na uku akan kwatanta shi da wani magani a kan ɗaruruwa ko dubban majinyata, kuma da sakamakon wannan mataki ne hukuma kan yanke shawarar ba da izini. Mataki na huɗu shi ne sa ido bayan magani ya shiga hannun jama'a, saboda akwai illar da ba ta bayyana sai a mutum ɗaya cikin dubbai. Kimanin tara cikin goma na magungunan da suka shiga matakin farko ba su kaiwa ga samun izini. A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin gwajin magani da kuma yi masa rajista.

6.0 Sharaɗin Yarda

Komai kyan tsarin gwaji, ba ya halatta sai da yardar wanda za a yi shi a kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an gurfanar da likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje na rashin imani a kan fursunoni, kuma daga wannan shari'a aka samu Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda suka sanya yardar mutum bisa raɗin kansa a sahun farko. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda aka sha yi wa gyara, har da na 2024. Abin da waɗannan ƙa'idoji suka tanada shi ne a sanar da mutum cewa bincike ake yi, a faɗa masa amfani da haɗarin da ake tsammani, da sauran hanyoyin jinya da ke akwai, a kuma tabbatar masa cewa yana da ikon ƙi, ko ficewa a kowane lokaci, ba tare da an hana shi kulawa ba. Idan yaro ne, sai da izinin mahaifi ko waliyyi. Haka kuma dole wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin kafin a fara.

Abin da ya faru a Kano a 1996 ya isa misali. A shekarar, annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya. Kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a cikin gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin Trovan, shida daga rukunin kwatanci, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyalai sun kai ƙara cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki kuma sun yarda, sannan cutar ce ta jawo mace-macen da nakasar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Masu nazari da dama sun lissafa wannan lamari cikin dalilan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003, wanda ya sa aka dakatar da shi a Kano har zuwa watan Yuli na 2004, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojinta na ƙasa kan ɗa'ar binciken lafiya.

7.0 Matsayin Harshe

Yarda ba ta tabbata sai da fahimta, fahimta kuma da harshe ake samar da ita. A nan ne ɗalibin Hausa ke da rawar takawa, domin takardun neman yarda da Ingilishi akan rubuta su, sannan a fassara. Kalmar gwaji kanta tana da harshen damo: idan aka ce wa uwa za a yi wa ɗanta gwaji, tana iya ɗauka irin gwajin jini ne da ake yi domin gano cuta. Kalmar bincike ma tana iya zama duban da likita ya saba yi. Kiran abin da ba a gama tantancewa ba da sunan magani kuwa, tamkar alkawarin waraka ne tun kafin a samu hujja. Bugu da ƙari, idan Bahaushe ya ce "to" a gaban likita, sau da yawa ma'anarsa "na ji" ce, ko kuma ladabi ne ga wanda yake ganin girmansa, ba lallai ne ya zama amincewa ba.

Saboda haka mai fassara zai fi kyautatawa idan ya warware zance filla-filla, kamar ya ce: "Har yanzu ba a tabbatar ko wannan ya fi wanda aka saba bayarwa ba, abin da ake son ganowa ke nan. Idan kin ƙi, za a ci gaba da duba ɗanki kamar kowa." Akan kuma ba wani mafassari na dabam ya mayar da fassarar zuwa Ingilishi domin a ga ko ma'ana ta kauce. Wanda bai iya karatun boko ba, a karanta masa a gaban shaida, sannan a nemi ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa warkewar ɗaiɗaikun mutane ba ta isa hujja ba, sai an kwatanta rukuni da rukuni bisa ƙuri'a da sakayawa, an kuma bi matakai huɗu. An ga yadda wannan hanya ta maye gurbin kwinin da atesunet, da kuma yadda rigimar 1996 ta bar tabo a zukatan jama'a. Al'ummar da ba a gwada magunguna a cikinta za ta dogara ne da sakamakon da aka samu a jikin wasu, wadda kuma aka yi gwaji a kanta ba da saninta ba za ta guji har maganin da zai cece ta. Malamin Hausa da ya iya bayyana wa jama'a bambancin jinya da bincike cikin harshen da suke ji, ya taimaka wajen kare su daga asarar biyu.

Tambayoyin Bita

1. Kawo dalilai uku da suka sa warkewar mutum ɗaya ba ta zama hujjar ingancin magani.
2. Yi bayanin amfanin rabo ta ƙuri'a da sakayawa a cikin gwaji.
3. Bambanta mataki na uku da na huɗu na gwajin magani.
4. Tattauna matsalolin ma'ana da ke tattare da kalmomin gwaji da bincike da magani wajen neman yardar majinyaci.