Daga dBASE zuwa Borland: Kamfanonin sun shuɗe, fayil ɗinsu ya ƙi mutuwa

Idan hunturu ya shigo, rake ya nuna a fadamun Gubuchi da sauran garuruwan Maƙarfi da Ikara da Kudan, sai ka ga manyan motoci sun jeru ana lodi. Baƙo hankalinsa kan tafi ga 'yan dako da direbobi. Wanda ya san harkar kuwa ya san cinikin gaba ɗaya yana cikin aljihun dillali ne, cikin wani ɗan littafi da gumi ya jiƙa gefensa. A ciki an ja layuka: sunan mai gona, unguwarsu, dami nawa aka ɗauka, nawa aka bayar kafin alƙalami, nawa ya rage. Ranar da gardama ta tashi, littafin ake buɗewa.

Wannan littafi shi ne abin da masana kwamfuta suke kira rumbun bayanai. Kowane mutum da layinsa, kowane irin bayani da gidansa. Abin da kwamfuta ta ƙara kawai shi ne sauri: ka ce ta fito maka da duk waɗanda ake bi bashi sama da dubu hamsin, kafin ka ɗauke hannu ta jero su. Lambar BVN ta banki, da lambar NIN, da rajistar masu zaɓe, duk irin wannan littafi ne da ya girma ya ɗauki miliyoyin layuka.

Duk wanda ya shiga makarantar koyon kwamfuta a Zariya ko Kaduna ko Kano a shekarun 1990 zai tuna darussa uku da ba a tsallake su: WordPerfect ko WordStar don buga takarda, Lotus 1-2-3 don lissafi, sai dBASE don adana bayanai. Allo baƙi ƙirin, babu hoto, babu abin latsawa, sai wani ɗigo guda a gefen hagu yana jiran umarninka. Ka rubuta USE ka buɗe fayil, APPEND ka ƙara sabon layi, LIST ka ga abin da ke ciki. Ɗalibai da yawa sun haddace waɗannan kalmomi kamar karatun allo, ba tare da sun san wa ya ƙirƙiro su ba, balle inda ya ƙare.

Asalin dBASE

Labarin ya fara ne a cibiyar binciken sararin samaniya ta JPL da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani injiniya mai suna Wayne Ratliff ya yi aiki a can a kan shirin Viking, kumbon da ya sauka a duniyar Mars a 1976. A ofishinsu ma'aikata suna gasar hasashen sakamakon wasannin ƙwallon Amurka, shi kuma yana son ya riƙa cinyewa. Sai ya ga yana buƙatar abin da zai tara masa alƙaluman wasannin baya ya tace su. A JPL akwai wata manhaja mai suna JPLDIS da Jeb Long ya rubuta, wadda ke aiki a kan babbar kwamfutar cibiyar. Ratliff ya ɗauki tsarinta a matsayin abin koyi, ya zauna a gida ya rubuta tasa a kan ƙaramar kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa. A 1978 ya kammala, ya sa mata suna Vulcan. Ya yi talla a mujalla, ya sayar da 'yan kaɗan, amma ɗawainiyar aika faifai ta gidan waya da amsa tambayoyin masu saye ta gajiyar da shi.

A 1980 wasu 'yan kasuwar manhaja biyu, George Tate da Hal Lashlee, suka ga abin suka karɓi lasisin sayar da shi. A nan dabarar kasuwa ta shigo. Suka canza sunan zuwa dBASE II, alhali babu dBASE na ɗaya da aka taɓa fitarwa. Lissafinsu shi ne mai saye ya fi sakin jiki da abin da yake ganin an riga an gwada an gyara. Kamfanin kuma suka sa masa Ashton-Tate, alhali babu wani Ashton a cikinsu, sunan ne kawai ya yi daɗi a kunne. Da tambaya ta yi yawa, sai Tate ya sayo aku ya ajiye a ofis ya raɗa masa suna Ashton. Farashin manhajar ya kai kusan dala 700.

Sa'arsu ita ce fitowar kwamfutar IBM PC a 1981. Ofisoshi da shaguna suka fara sayen kwamfuta, kowa yana neman abin da zai riƙe masa sunayen abokan ciniki da lissafin kaya. dBASE ta ba su fiye da haka, domin tana ɗauke da harshenta na rubuta manhaja. Akawun da bai taɓa shiga ajin kimiyyar kwamfuta ba zai iya jera umarni a fayil guda, ya gina wa kamfaninsu manhajar biyan albashi ko ta lissafin sito. Wato kamfanin yana sayar da rumbu da kuma kayan ginin rumbu a lokaci guda. A 1983 Ashton-Tate ya shiga kasuwar hannun jari, a 1984 ya fito da dBASE III, a shekarar ce kuma George Tate ya rasu sakamakon bugun zuciya. Daga baya dBASE III Plus ta fito, ita ce aka fi sani a makarantunmu. Zuwa ƙarshen shekarun 1980, cinikin kamfanin ya haura dala miliyan 300 a shekara, ana lissafa shi tare da Microsoft da Lotus a matsayin manya uku na manhajar ƙananan kwamfutoci.

Yadda giwa ta faɗi

Abu biyu suka kayar da Ashton-Tate, kuma dukansu daga cikin gida suka fito. Na farko gaggawa. A watan Oktoban 1988 kamfanin ya saki dBASE IV tun ba ta nuna ba. Ta zo da kurakurai masu yawa, ga nauyi, ga cin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sai a 1990 aka fito da gyararriya. Kusan shekara biyu ke nan mutanen da abincinsu ya dogara a kan manhajar suna jira, ga kuma masu zawarcinsu a bakin ƙofa. Kamfanin Nantucket yana da Clipper, Fox Software yana da FoxBASE sannan FoxPro, dukansu suna jin harshen dBASE, suna karanta fayilolinta, kuma sun fi ta gudu. Mutum bai buƙatar sake koyon komai, kayansa kawai zai kwashe ya koma maƙwabta.

Na biyu shari'a. Maimakon ya gyara kayansa, sai Ashton-Tate ya maka Fox Software a kotu a 1988, yana cewa harshen dBASE mallakarsa ne. A watan Disamban 1990 alƙali Terry Hatter ya soke haƙƙin mallakar kamfanin, bisa hujjar cewa lokacin rajista bai bayyana cewa dBASE ta samo asali daga JPLDIS ba. Alƙalin ya janye hukuncin bayan 'yan watanni, amma ɓarnar ta riga ta auku. Masu rubuta manhaja sun ga kamfanin da suka ɗaukaka yana neman rufe musu ƙofa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Magajin da ya haɗa kishiyoyi

Wanda ya saye gidan shi ne Borland. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Philippe Kahn, tare da wasu 'yan ƙasar Denmak, suka kafa shi a Kalifoniya a 1983. Kayansu na farko shi ne Turbo Pascal, wanda wani matashi ɗan Denmak, Anders Hejlsberg, ya rubuta. A lokacin da irin wannan kayan aiki ke cin ɗaruruwan daloli, Borland ya sa nasa a dala 49.95, ga shi da sauri na ban mamaki. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a ko'ina, har da na jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan, da shi da yawansu suka koyi harshen Pascal. A 1987 Borland ya sayi kamfanin Ansa mai rumbun bayanai na Paradox, a 1989 kuma ya fito da Quattro Pro don ya kara da Lotus.

A 1991 Borland ya haɗiye Ashton-Tate a kan hannun jari na kimanin dala miliyan 439. Hukumomin Amurka suka gindaya sharaɗin a janye ƙarar da ake yi da Fox, abin da ya bar harshen dBASE a buɗe ga kowa. Sai dai Borland ya wayi gari da kishiyoyi biyu a gida ɗaya, Paradox da dBASE, kowace da harshenta, kowace da magoya bayanta, ga kuɗin cefane ba ya isar duka biyun. Yana cikin raba musu kwana, Microsoft ya sayi Fox Software a 1992, a ƙarshen shekarar kuma ya fito da Access a kan Windows, a farashin talla na dala 99. Da irin makamin da Borland ya yi suna, wato karya farashi, da shi aka sare shi. dBASE ta Windows ba ta iso ba sai 1994, lokacin kasuwa ta fara watsewa.

Duk da haka Borland bai tafi hannu rabbana ba. A watan Fabrairun 1995 ya fito da Delphi, kayan gina manhaja da ya ba mutum damar jawo maɓalli da akwati ya ajiye a allo, ya haɗa su da rumbun bayanai cikin ɗan lokaci. Da Delphi aka rubuta manhajar Skype ta farko a kan Windows, da ita kuma aka gina FL Studio, wadda masu haɗa kiɗa a situdiyoyin Kano da Kaduna suka fi sani da tsohon sunanta, Fruity Loops. Amma Kahn ya sauka daga shugabanci a farkon 1995, Hejlsberg ya koma Microsoft a 1996, inda ya jagoranci ƙirƙirar harsunan C# da TypeScript.

Daga nan sai rabon gado tun mai kaya yana da rai. Kamfanin ya canza suna zuwa Inprise a 1998, ya dawo Borland a 2001. Ya sayar da dBASE a 1999. A 2000 ya buɗe wa duniya asalin rubutun InterBase, wani rumbun da ya gada daga Ashton-Tate, daga nan aka haifi Firebird da kowa ke iya amfani da ita kyauta. A 2008 Embarcadero ya sayi sashen da ke kula da Delphi, a 2009 Micro Focus na Ingila ya sayi abin da ya rage a kan kimanin dala miliyan 113. Shi kansa Micro Focus ɗin, OpenText na Kanada ya haɗiye shi a 2023. FoxPro ma, Microsoft ya daina tallafa mata a 2015.

Abin da ya rage

Ga wani abu da ya tsira daga duk wannan saye da sayarwa: fayil ɗin da dBASE ke zuba bayanai a ciki, mai ƙarewa da .dbf. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai. A samansa an rubuta sunayen gidaje da faɗin kowanne, a ƙasa layuka suna biye, duk tsawonsu ɗaya. Idan ka ba da umarnin DELETE, layin bai goge ba, alama kawai ake sa masa, kamar yadda dillali ke jan biro a kan sunan wanda ya biya. RECALL zai dawo da shi, sai ka ce PACK sannan ya tafi ke nan. Saboda sauƙin nan, kowa ya iya rubuta manhajar da za ta karanta shi.

Shi ya sa a farkon shekarun 1990, da kamfanin Esri mai manhajar zana taswira ya ƙirƙiro tsarin shapefile, sai ya ari .dbf don ajiye bayanan da ke rakiyar zane. Fayil ɗaya yana riƙe siffar iyaka, ɗaya yana nuna inda kowace siffa take, na ukun, wato .dbf, yana riƙe sunaye da alƙaluma. Har gobe wannan tsari yana cikin waɗanda aka fi musayar taswira da su, ko a aikin rajistar filaye irin wanda hukumar KADGIS ke yi a Kaduna, ko a zana ƙauyuka da rugage domin masu allurar shan-inna su san inda za su bi. Ka sauko da taswirar mazaɓun Jihar Kaduna a wannan tsari, ka buɗe ta da manhajar QGIS, ka latsa kan Maƙarfi: sunan Gubuchi da zai bayyana maka yana kwance ne a layi guda cikin fayil ɗin da ya samo asali daga gasar hasashen ƙwallo a Pasadena.

Tsufan nasa bai ɓuya ba. Sunan gida a .dbf ba ya wuce harafi 10. Jami'in gona da ke son ya buɗe gida mai suna mazarƙwaila, domin ya lissafa masu dafa ta a kowace unguwa, zai ga an datse masa harafin ƙarshe, tunda kalmar harafi 11 ce. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma idan ba a saita fayil ɗin da kyau ba sai su rikiɗe su koma alamar tambaya, domin an tsara shi ne a zamanin da ba a yi tunanin Hausa ba. Amma yana buɗuwa, bayan shekara arba'in da ɗoriya.

A nan labarin ya dawo gida. Yau masu tallar manhaja suna zagaya ƙungiyoyin manoma, da makarantun kuɗi, da kemis, da dakunan shan magani, kowa yana cewa a jefar da littafi a koma waya. Komawar ba laifi ba ce. Sai dai Ashton-Tate ya taɓa zama cikin manya uku na manhajar ƙananan kwamfutoci, Borland ya taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da Microsoft, yau babu ɗayansu da ke tsaye da ƙafarsa. Waɗanda suka yi amfani da kayansu sun tsira ne don bayanansu suna cikin fayil ɗin da wani ma zai iya karantawa. Saboda haka kafin sakataren ƙungiya ya sa hannu, ya ce wa mai talla ya fitar masa da sunayen membobi da lissafinsu gaba ɗaya, a fayil ɗin da zai buɗu a kwamfutar shagon buga takardu na bakin tasha, ba tare da manhajarsu ba. In ya fitar, a yi ciniki. In ya fara kame-kame, a riƙe littafin tukuna. Littafin dillali, ko bayan ransa, ɗansa zai buɗe ya karanta, ya san wa ake bi, wa ke bin su.