Sayen Kwamfutar Wasa A Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi

A zamanin da muke yara, in ɗa ya matsa wa ubansa da roƙo, keke yake so, ko kuwa ƙwallon fata. Yaran yanzu kwamfuta suke roƙo, ba su kuma ɓoye dalili: wasa za su yi da ita. Iyaye da dama daga Wurno, da Rabah, da Goronyo sun kawo mini wannan tambaya, waɗansu a bakin makaranta, waɗansu ta waya. Sukan ce, "Malam, mu saya ko mu ƙi? In za mu saya, wace iri?" Tambayar tana da nauyi, gama kuɗin ba na alewa ba ne. Ga ma'aikaci albashin watanni ne. Ga manomi kuwa buhunan albasa ne ko na tafarnuwa, waɗanda ya sha rana a fadama kafin ya same su.

Amsata ita ce, in za ka iya saye ba tare da cin bashi ba, ba kuwa da taɓa kuɗin makaranta ba, to, ka saya. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe maus ba sai ranar jarrabawa, rabin hankalinsa yana kan hannunsa, ba a kan tambaya ba. Kwamfutar da ta iya wasa kuwa ta iya rubutu da lissafi da karatu. Har wa yau, yaron da ba shi da ita a gida ba daina wasa yake yi ba. Gidan gem yake tafiya, inda ba ka san da wa yake zama ba, sau da yawa kuma shagon caca yana nan kusa.

Na fi son ta girke, watau wadda ake ajiyewa bisa tebur, a kan ta tafi-da-gidanka. Ta girke ana buɗe ta, a sake mata kaya ɗaya ɗaya gwargwadon ƙarfin aljihu. Kuma tana zaune a falo a idon kowa, ba ta shiga cikin bargo da tsakar dare.

A fara da lissafin wuta

Kafin ka tambayi farashin kwamfuta, ka tambayi kanka abin da za ta ci. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984 bisa kogin Rima, domin noman rani da ruwan sha aka yi ta, ba domin lantarki ba. Kowa a garuruwan nan ya san wutar gwamnati baƙuwa ce, ta zo yau, gobe ba ta nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, ta da janareta domin yara su buga ƙwallo a allo ya zama abin da mai hankali zai yi tunani sau biyu.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ƙaramar kwamfuta irin wadda zan kwatanta, tare da katin hotonta da allonta, takan ci wajen wat 180 sa'ad da ake wasa. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya. Amma batir na dalma ba a shanye shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan, inbata kuma za ta ci nata rabo. Watau kusan awa uku za a samu. Babbar kwamfuta mai cin wat 400, wadda yaro ya gani a bidiyo tana walƙiya da fitilu masu launi, da kaɗan za ta wuce awa ɗaya a kan wannan batir. Ka ga ke nan, a ƙasarmu ƙanƙantar kwamfuta ba kasawa ba ce, dabara ce.

In da janareta ko wutar gari za a yi aiki, lalle a sa sitabilaiza a tsakani. Kuma a duba bayan akwatin. Waɗansu tsofaffin da aka kawo daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In an jona yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi.

Wace iri za a saya

Sabuwa fil daga kwali ta fi ƙarfin yawancinmu, balle tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a 2024. Abin da ya rage mana shi ne ta hannu, watau waɗanda ofisoshi da bankunan Turai da Amurka suka gama aiki da su. Sunayen da za ka riƙa ji su ne Dell OptiPlex, da HP EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su domin su yini suna aiki shekara da shekaru, kayan gyaransu kuma suna da yawa. Daga Computer Village ta Ikeja a Legas suke hawowa zuwa titin Beirut a Kano, daga nan su iso shagunan Sakkwato. A Kano an fi samun zaɓi da sauƙin kuɗi. Amma ka haɗa da kuɗin mota, da halin da hanyar Gusau take ciki, da kuma wannan: in ta lalace bayan mako guda, wa za ka mayar wa? Ni dai na fi son ƙarin 'yan kuɗi kaɗan a wurin mai shagon da zan iya komawa in same shi.

Yanzu sai a natsu, gama a nan ne ake cutar mutane. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da suna kamar i3, ko i5, ko i7. Mai shago zai buga ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan i7 ce!" Kada sunan ya ruɗe ka. Ka nemi cikakkiyar lamba. In an rubuta i7-3770, lambar farko bayan ɗan layin, watau 3, ita ce tsararta, ta shekarar 2012 ce. In kuwa i5-8500 ce, tsara ta 8 ke nan, ta 2018, tana da ma'aikata shida a cikinta, waccan kuwa huɗu. Saurayi mai ƙaramin suna ya fi tsoho mai babban suna noma.

Akwai wani dalili kuma. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, bisa ga ƙa'idarsu, ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza tsara ta 8. Saboda haka ne tsofaffin suka cika kasuwa da araha. In kuɗinka ya kai, ka tsaya a tsara ta 8 ko sama, irin su OptiPlex 3060 ko 7060, ko EliteDesk 800 G4. In bai kai ba, tsara ta 6 za ta yi wasanni masu sauƙi da aikin makaranta, amma ka sani tsohuwa ka saya, kada kuwa a karɓi kuɗin budurwa a hannunka.

Akwatin ma iri uku ne: dogo mai faɗi, da siriri, da ɗan mitsitsi kamar littafi. Ɗan mitsitsin ba shi da gurbin katin hoto, a bar shi. Siririn yana karɓar gajeren kati kaɗai, wanda samunsa yake da wuya. Dogon shi ne namu, iska ma ta fi ratsa shi.

Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka sa a buɗe wurin da kwamfutar take faɗin abin da ke cikinta da bakinta, ka gwada da abin da aka gaya maka. A bar ta tana aiki kamar rabin awa, kana sauraron fankarta. A jona abu a kowane rami a gani. A tabbata kuma ba a kulle ta da kalmar sirri ta ofishin da ta fito ba. Sa'an nan a rubuta maka rasiɗi da lambar akwatin da yawan kwanakin da za ka iya mayarwa.

Ƙari, kaɗan kaɗan

Daɗin ta girke shi ne ba sai an gama kome a rana ɗaya ba. Abin fari shi ne ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana da nawa, ba ya kuma son jijjiga ko ɗaukewar wuta farat ɗaya. A sa mata irin da ake kira SSD, mai giga 256, ko 512 in da hali. A cikin dukan ƙarin da za a yi, babu wanda ake ganin amfaninsa nan take kamar wannan.

Na biyu shi ne ram, wanda yake kamar faɗin teburin da ɗalibi yake baza littattafansa. Giga 8 ya isa a fara, 16 ya fi. Sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri. A lura, DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, kada a danna da ƙarfi. Farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya wajen ƙarshen 2025, domin manyan kamfanoni sun kwashe shi, saboda haka in ka sami akwatin da ya zo da 16 a cikinsa, ka lissafta wannan a ciniki.

Na uku, wanda yaro zai fi damunka a kansa, shi ne katin hoto. Shi ne mai zana wasan a allo, shi ne kuma mafi tsada. Akwatunan ofis ba su da wuta mai yawa, wajen wat 200 zuwa 260 ne, yawancinsu kuma ba su da wayar da za a ba kati ƙarin wuta. Gurbin da ake soka katin wat 75 kaɗai yake bayarwa. To, sai a nemi katin da wannan ya ishe shi: GTX 1050 Ti na 2016, ko GTX 1650 na 2019, ko RX 6400 na 2022, ko RTX 3050 mai giga 6 na 2024. Ko a cikin waɗannan a duba, gama waɗansu GTX 1650 suna da ramin ƙarin wuta a gefe. RX 580 yana yawo a kasuwa da araha, yana da ƙarfi kuma, amma wat 185 yake ci, ba abincin akwatin ofis ba ne. GT 710 da GT 730 kuwa asarar kuɗi ne, ko da an rubuta giga 4 da manyan baƙaƙe a kwalinsu.

Wani uba daga cikin iyayen ɗalibaina ya kawo mini kati da ya saya wa ɗansa a wani shago, an rubuta 1050 Ti a jikinsa, amma da an fara wasa sai allo ya daskare. Da muka duba shi da wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z, sai ga shi tsohon kati ne na wajen 2010 aka sake wa suna. Irin wannan jabu yana da yawa. Ba a karɓi katin ba da ya mayar, domin ba shi da rasiɗi. Araha ba ta ado.

Zafi da ƙura

Kuɗin albasa yakan shigo hannu gab da bazara, lokacin da zafi a ƙasar Sakkwato yake haura 40 a ma'auni. Kwamfutar da aka ƙera domin ofis mai sanyi tana shan wuya a ɗakin kwano da tsakar rana. A bar wasa sai da yamma ko da safe. Kada a ajiye akwatin a ƙasa, kada kuma a manna shi da bango. Da hunturu, ƙura takan toshe fanka cikin 'yan makonni. A cire waya daga bango, a buɗe murfi, a hure ƙurar da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. In an kashe, a lulluɓe da zane. In tana aiki, a yaye. Sau ɗaya bayan saye a kai wa mai gyara ya sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da abin sanyaya ta, gama na asali ya riga ya bushe.

Wasannin kansu

Wasan ƙwallon da yara suke kira FIFA ya sake suna a 2023 ya zama EA Sports FC. Na 2023 yana bukatar aƙalla GTX 1050 Ti, da ram giga 8, da wurin ajiya giga 100. Ka tambayi kanka nawa ne kuɗin data na giga 100. Shi kuwa eFootball, wanda ya gaji PES a 2021, kyauta ne, amma yana son intanet. Mutanen Rabah da Goronyo ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga. Wasan da ba ya tashi sai da intanet, a irin wannan lokaci ado ne kawai.

Masu shago za su ce za su cika maka ita da wasanni hamsin a kan 'yan kuɗi kaɗan. Yawancin waɗannan na sata ne, an fasa makullinsu, sau da yawa kuma da ƙwayar cuta a ciki. Gidan da ake koya wa yaro kada ya ɗauki abin wani, bai kamata uba ya biya a zuba masa kayan sata ba. Akwai na halal kyauta waɗanda ba su bukatar intanet: SuperTuxKart na tseren mota, da 0 A.D. na gina gari da dabarun yaƙi irin na dā, da GCompris domin ƙanana, da Tux Typing mai koya wa yatsu rubutu.

A duba lambar shekaru da ake sa wa kowane wasa: 3, 7, 12, 16, ko 18. GTA V, wanda kusan kowane yaro ya san sunansa, 18 ne, cike yake da harbi da fashi da maganar banza. Ga yaran da suka ji ƙarar bindiga ta gaske a garinsu, ban ga dalilin kawo musu ta wasa cikin falo ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, watau sa'ad da wasa ya kori barci da karatu da zumunci har tsawon shekara. Ba kowane yaro mai son wasa ne yake da ita ba, kada a firgita. Amma a yanka doka tun ranar da akwatin ya shigo gida, ba bayan wata uku ba. A buɗe asusu biyu a cikin kwamfutar, na uba ko uwa mai kalmar sirri, da na yara wanda ba ya iya zuba sabon abu. Aikin makaranta tukuna, sa'an nan wasa. 'Yan mata su sami nasu lokaci daidai da maza, gama zauren jarrabawa ɗaya za su shiga. A sayi hannun wasa biyu, ba ɗaya ba, domin wa da ƙane su zauna tare, wani lokaci ma uban ya karɓi ɗaya ya ga abin da ake yi.