Ƙashin da Aka Tsinta a Daji: Yadda Ake Tsabtace Shi

Ƙoƙon kan saniyar da ya kwana biyu a bakin burtali yana da sauran amfani. Ana sassaƙa maɓalli da ƙotar wuƙa da ƙashi, masu haɗa abincin kaji kuma su ƙona shi su niƙa, saboda sinadaran kalsiyam da fosfaras.

Aikin na mai haƙuri ne. A jiƙa ƙashin a bokiti mai murfi, nesa da gida (warin ba na wasa ba ne), ƙwayoyin bakteriya su cinye sauran naman cikin makonni. Sai a koma ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ana canjawa har maiƙo ya daina tasowa. Nan masu gaggawa ke faɗuwa: ƙashin da bai rabu da kitse ba yakan yi rawaya yana ƙarni. Kada a tafasa, haƙora kan tsage. Bilic kuwa cinye ƙashi yake ya bar shi kamar alli. In ana so ya yi fari, ruwan haidurojin feroksaid na kemis ya fi.

A sa safar hannu. Mushen da ba a san ajalinsa ba a bar shi, don ƙwayar cutar saifa, wadda ta ɓulla a Suleja a 2023, takan yi shekara da shekaru a ƙasa.