Shuka: Daga Gonakin Jadid Zuwa Bakin Jama'a

A Jadid, tsohuwar unguwar Sabha a kudancin Libiya, Hausawan da suka biyo hanyar Agadas suna ƙwadagon gona ba sa haɗa shuka da dashe. Alkama da sha'ir shuka su ake yi. Dabino kuwa 'ya'yan da suka tsiro a gindin uwa ake cirewa a dasa, domin ƙwallo yana iya fitar da namiji marar 'ya'ya.

Sai dai kalmar shuka ta daɗe da ƙetare gona. Mai riƙon maraya ya shuka alheri. Yaron da ya addabi unguwa kuwa tsiya yake shukawa, wani ma rashin mutunci, kuma a hirar yau waɗannan biyun sun fi alherin yawa a baki.