Wasan tseren motoci na Colin McRae

Akwai wani irin tseren motoci da ake kira rali. Ba a fili mai santsi ake yin sa ba. Cikin daji ake yi, bisa duwatsu, cikin laka ko rairayi, kamar tseren Pari-Dakar da ya sha ratsa Agadas da Tenere a shekarun 1980.

A shekarar 1998, wani kamfanin Ingila mai suna Codemasters ya fito da wasan rali na kwamfuta. Ya sa masa sunan Colin McRae, direba ɗan Sikotilan wanda ya zama zakaran duniya a 1995 da mota Subaru.

A cikin wasan, motoci ba su tashi tare. Kowace tana tashi ita kaɗai, agogo yana ƙirga mata lokaci. Wanda ya yi ƙarancin lokaci shi ne ya ci.

Hanyoyin sun bambanta. A Suwidin ƙanƙara ce, mota tana zamewa. A Girka tsakuwa ce da duwatsu. A tsibirin Korsika kwalta ce mai yawan kwana. Kowace hanya da irin tuƙinta.

Direba ba shi kaɗai ba ne. Akwai mataimaki kusa da shi, yana karanta masa hanya tun kafin ya gan ta: kwana ta dama, kwana ta hagu, gada, tudu. Muryar Nicky Grist ce, mataimakin McRae na gaskiya. Wanda bai saurare shi ba, sai ya faɗa rami.

In mota ta bugi itace, tana lalacewa. Ana ba mai wasa ɗan lokaci na gyara. Sai ya zaɓa: birki zai gyara, ko inji? Akwai kuma makarantar tuƙi domin sabon shiga.

Mutane sun karɓi wasan hannu biyu-biyu. Mujallu sun yabe shi don motar tana tafiya kamar ta gaske. An sayi da yawa, har aka fito da na biyu a 2000. McRae ya rasu a 2007, cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu.

A wannan wasa gudu kaɗai ba ya kai mutum. Sai da saurare da natsuwa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin mataimakin direba?
2. Don me motocin ba su tashi tare?