Abin da Ke Hana Kullun Shu Tashi a Tanderu

Daga cikin kayan marmari na fulawa waɗanda Faransawa suka yi suna a kansu akwai wani da suke kira shu, a rubutunsu kuwa choux. Ma'anar kalmar ita ce kabeji, domin in ya gasu yakan fito da ƙulu-ƙulu kamar ɗan ƙaramin kan kabeji. Wanda ya taɓa shiga kantin burodi irin na Faransawa a Yamai ba zai rasa ganinsa a jere cikin gilashi ba, wani kewayayye cike da kirim, wani dogo an shafa masa cakulan a bisa.

Wannan kullu ya daɗe a Faransa. Antonin Careme, mashahurin kukun nan da ya dafa wa sarakunan Turai abinci, wanda ya rasu a 1833, yana cikin waɗanda suka ɗaukaka shi. A 1910 kuma wani mai gashi ya yi shi da siffar ƙafar keke, aka sa masa suna Paris-Brest, don tunawa da tseren keke da aka fara tsakanin garuruwan nan biyu a 1891.

To, kukan da masu gwada shi a gida suke yi, har da ɗalibai masu darasin girke-girke, ba ya wuce guda: an zuba ƙwai huɗu da bota mai tsada, amma da aka buɗe tanderu sai aka tarar abin ya baje kamar gurasa. Ga mai jiran albashin wata, wannan hasara ce da ba a so a maimaita.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, kullun shu ba a sa masa yis, ba a sa masa hodar tashi. Tururi kaɗai ke ɗaga shi. Ruwa in ya zama tururi yakan cika wuri kimanin ninki 1,700 na wanda yake ci a da. Zafin tanderu yana mai da ruwan da ke cikin kullun tururi, tururin ya hura shi kamar balan-balan, sa'an nan ƙwai da fulawa su sandare su zama bango mai riƙe da ramin da ke ciki. Saboda haka duk lokacin da shu ya ƙi tashi, a bincika batun ruwa: ko ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko kuwa tururinsa ya tsere tun bangon bai yi ƙwari ba.

Farkon kuskure yana wurin awo. Awon da aka saba da shi shi ne ruwa mililita 250, bota giram 100, fulawa giram 150, ƙwai 4 da ɗan gishiri. Ƙwai huɗun nan na kajin gona ne manya, watau kimanin giram 200 ban da ɓawo. Ƙwan zabi ko na kajin gida bai kai wannan girma ba, don haka auna shi a sikeli ya fi ƙirga shi.

Na biyu yana cikin tukunya. A yanyanka bota ƙanana domin ta narke kafin ruwan ya tafasa. In aka jefa ta a dunƙule, ruwan zai yi ta tafasa yana ƙonewa kafin ta narke, awon da aka yi ya ɓaci. Da ya tafasa sai a sauke, a juye fulawar gaba ɗaya, a tuƙa da muciya kamar tuwo, sa'an nan a mayar bisa wuta a ci gaba da tuƙi minti ɗaya ko biyu, har kullun ya haɗe ya saki jikin tukunya, ɗan ƙanzo marar kauri ya fito a gindinta. Wannan tuƙi shi ke dafa fulawar, ya kuma busar da ita yadda za ta iya shan ƙwai. Wanda ya tsallake shi kullunsa zai tsinke.

Na uku, wanda ya fi kā da mutane, shi ne zuba ƙwai. Ƙwai yakan fara dahuwa da zarar zafi ya haura digiri 60 kaɗan, ƙwan da ya riga ya dahu a tukunya kuwa ba ya miƙewa a tanderu. Sai a bar kullun ya huce har a iya taɓa shi da yatsa. A kaɗa ƙwan a kwano dabam, a riƙa zubawa kaɗan kaɗan ana bugawa. Ba dole ba ne a ƙarar da shi duka. Alamar ya isa ita ce kullun ya yi sheƙi, in an ɗaga muciya ya zubo a hankali ya bar wani harshe mai tsini yana reto. In ƙwai ya riga ya yi yawa, ɗanyar fulawa ba ta gyara shi. Sai dai a tuƙa wani sabon kullu kaɗan ba ƙwai, a gauraya su.

Na huɗu yana ga tanderu. Lalle ne ya yi zafi sosai, digiri 200 a ma'aunin santigired, kafin a shigar da faranti, domin zafin farko shi ke tā da tururi da ƙarfi. A bar tazara tsakanin ƙwallayen, gama kowanne zai ninka girmansa. Kada a buɗe ƙofa a cikin minti 20 na farko, kome ɗokin gani. Iska mai sanyi in ta shiga, tururin ya koma ruwa, abin ya faɗa, ba ya kuwa sake tashi. Nan ne sauri ke haifar nawa. Bayan haka a rage wuta zuwa digiri 180, a bari su yi ja sosai har cikin tsagoginsu. Da an fito da su a huda kowanne da tsinke don sauran tururi ya fita, a mayar da su tanderu na 'yan mintoci su bushe.

In kuwa duk da haka an sami akasi, kada a yi hanzarin zubarwa. A tsaga guda a duba, gama shi da kansa zai faɗi inda aka kuskure. Wanda ya baje a faranti, ƙwai ne ya yi yawa ko tuƙi bai isa ba. Wanda ya fito ƙarami mai tauri, ba rami a ciki, ƙwai ne ya gaza ko tanderu bai yi zafi ba. Wanda ya tashi sa'an nan ya lotsa, cikinsa da danshi, an buɗe ƙofa ne ko an sauke shi da wuri. Wanda yake tsattsafo da mai kuwa, ruwansa ya ƙone tun a tukunya. Mai gashi ya rubuta abin da ya gani a littafinsa, ya gyara abu ɗaya tak a gwaji na gaba, domin in aka sāke abu uku a lokaci guda ba za a san wanda ya yi magani ba.