Jobariya: yadda ƙasusuwa suka faɗi asalin ƙatuwar dabbar Tigidit

Kudu da birnin Agadas akwai wata doguwar gaɓar dutse da ake kira Tigidit, wadda ta tanƙwara kamar baka tun daga wajen Ingal. Makiyayan Abzinawa sun daɗe suna ganin waɗansu manyan ƙasusuwa da suka rikiɗe suka zama dutse a wannan yanki, suna cewa na wani dodo ne mai suna Jobar. Cikin shekara ta 1997 wata ƙungiyar masana, wadda Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta Amurka ya jagoranta, ta yi haƙa a wurin. A 1999 aka bayyana abin da aka samu, aka raɗa wa dabbar suna Jobaria tiguidensis, wato Jobar na Tigidit.

Jobariya tana cikin dabbobin zamanin da, waɗanda ake kira dinozor. Masana sun ƙiyasta tsawonta tsakanin mita 16 da 21, nauyinta kuwa wajen tan 20, kamar na toron giwa uku ko huɗu. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne an samu kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasusuwanta, alhali galibin ƴan uwanta da ƴan gutsattsari kawai aka san su.

To, yaya ake gane dangin dabbar da babu mahalukin da ya taɓa ganinta da rai? Kamar yadda a da ake duban zanen fuskar baƙo a san garinsu, haka masana suke duban ƙashi. Da fari sai a dubi ƙugu. Tun 1887 wani Bature ɗan Ingila, Harry Seeley, ya kasa dinozor gida biyu: masu ƙugu irin na ƙadangare da masu ƙugu irin na tsuntsu. Jobariya tana gida na fari. Cikin wannan gida akwai zuriyar da ake kira soropod: masu ƙaramin kai, da dogon wuya, da doguwar wutsiya, da ƙafafu huɗu miƙaƙƙu kamar ginshiƙan soro. Dukansu ganye suke ci.

Daga nan sai a ƙidaya gaɓoɓin wuya. Ɗan Adam yana da 7. Raƙumin dawa na Kure, duk da tsawon wuyansa, shi ma 7 gare shi, sai dai kowace gaɓa doguwa ce. Jobariya tana da 12. Diplodokus na Amurka yana da 15, Mamencisorus na ƙasar Sin kuwa 18 ko 19. Ke nan a cikin masu dogon wuya, nata matsakaici ne. Gaɓoɓin suna da kogo a gefe da gefe, inda jakunkunan iska suke shiga kamar a jikin tsuntsu, abin da ya sa wuya bai rinjayi mai shi ba. Amma kogunan Jobariya ba su da sarƙaƙiya irin ta ƴan baya, kuma tsinin da ke bisa kowace gaɓa guda ne, bai rabu biyu ba kamar na Diplodokus.

Haƙora su ma shaidu ne. Na Jobariya masu faɗi ne kamar cokali, sun dace da tsigar ganyen itace. A Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, an samu wani soropod, Nijarsorus, mai tsawon mita 9, da haƙora sirara fiye da 500 da baki mai faɗi na kiwo ƙasa-ƙasa. Shi dangin Diplodokus ne. Ƙasa ɗaya ta adana su, amma ba ɗaki ɗaya suka fito ba.

Soropod na baya-baya sun kasu ɗaki biyu manya: ɗakin su Diplodokus masu siraran haƙora, da ɗakin masu faffaɗan kafar hanci, irin su Barakiyosorus. Sereno da abokan aikinsa sun ce Jobariya ba ta cikin ko ɗaya, reshenta ya rabu tun kafin ɗakunan nan su kasu. Waɗansu masana sun sa ta cikin ɗaki na biyu, amma mafi yawan binciken da ya biyo baya ya bar ta a waje.

Nan ne aka yi ta mamaki. Da fari an ɗauka duwatsun da ta fito ciki shekarunsu wajen miliyan 135 ne, ga shi kuwa ƙirarta ta mutan da ce ƙwarai. Sai aka ce ko ragowa ce da ta daɗe bayan tsararrakinta sun shuɗe. A 2009 Oliver Rauhut da Adriana López-Arbarello suka sake nazarin shekarun duwatsun, suka nuna sun haura miliyan 160. Ashe ƙashi bai yi ƙarya ba, lissafin shekaru ne ya kauce. Jobariya ƴar zamaninta ce.

Wannan gyara ya yiwu ne domin an san ainihin wurin da kowane ƙashi yake kwance, da irin dutsen da ya rufe shi. Ƙashin da aka ciro a ɓoye aka sayar wa baƙo ya zama shaidan da aka yanke wa harshe. Saboda haka duk makiyayi ko matafiyin da ya ci karo da irin waɗannan ƙasusuwa, ya kamata ya bar su inda suke, ya sanar da mai gari ko hukuma mafi kusa. Su kuma ma'aikata, wajibinsu ne su isar da labari ga masana, domin abin da ƙasa ta tsare shekaru miliyan 160 amana ce a wuyan ƴan Nijar duka.